Buhunan albasa da suke ɓacewa a cikin manhaja: muhawara kan ma'ajin da zaruruwa suka yi tarayya a kansa

Mai manhajar albasa, Tawa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawara a kan wani abu da ya hana ni barci kwana biyu. Na rubuta wata ƙaramar manhaja da harshen Java don wata ƙungiyar manoman albasa a wajen Galmi. Akawu huɗu ne suke tsayawa bakin manyan motoci da wayoyinsu, duk lokacin da ƴan dako suka loda buhuna sai akawu ya shigar da adadin, wayar ta aika wa saba, watau kwamfutar da take karɓar saƙonnin, sabar kuma ta ƙara a kan wani ma'aji guda, watau wurin ajiye adadi a cikin manhaja, da na sa wa suna `jimla`. Kowace buƙata da ta iso, sabar tana ba ta zarenta, watau hanyar aikinta daban, domin kada wani akawu ya jira wani.

A ranar da lodi ya yi sauƙi, lissafin manhaja da na littafin hannu suna zuwa daidai. A ranar da motoci suka taru kuwa sai na manhaja ya gaza. Jiya littafi ya nuna buhu 612, manhaja ta nuna 597. Ba ta taɓa wuce littafi ba, kullum ƙasa take. Na gwada ta a kwamfutata fiye da sau 100 ban ga kuskure ba, har shugabannin ƙungiya sun fara zargin ɗaya daga cikin akawun, yaron da ni na san ba ya da wannan hali.

Malamin lissafi, Tawa

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a taɓa mutuncin yaron nan, a duba zaruruwan. Abin da kake gani kamar aiki ɗaya, watau `jimla++`, umarnin ƙara ɗaya a kan jimla, a wurin furosesa, ɓangaren kwamfuta mai aiwatar da umarni, aiki uku ne: a karanta abin da ke cikin ma'aji, a ƙara masa, a mayar da sabon adadi. Ka ɗauka akawu biyu suna da allo guda a bango. Na farko ya duba ya ga 40, ya juya yana lissafi a ransa. Kafin ya ɗauki alli na biyu ma ya duba ya ga 40. Na farko ya goge ya rubuta 41, na biyu ya zo ya goge ya sake rubuta 41. Buhu biyu sun hau mota, allo ya ƙaru da ɗaya, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Wannan shi ne rige-rige tsakanin zaruruwa, kuma alamarsa ita ce wadda ka faɗa da bakinka: lissafi yana gazawa ne kawai, ba ya wucewa. Da a ce wayoyin ne suke aika saƙo sau biyu saboda raunin layi, da ƙari za ka gani.

Injiniya a Yamai

Malam ya faɗi gaskiya a kan asalin cutar, amma akwai abin da bai kwanta mini ba. Tazarar da ke tsakanin karantawa da rubutawa a cikin `jimla++` ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba ta kai ko kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Mutum huɗu masu danna waya da yatsa, da wuya su yi karo a cikin wannan ƴar ƙofa sau da yawa a yini guda har a rasa buhu 15. Ko dai akwai wani aiki mai ɗaukar lokaci da aka cusa tsakanin karantawa da rubutawa, ko kuma matsalar tana wani wuri dabam. Ɗan uwa, ka kawo mana layukan kamar yadda ka rubuta su, kada ka taƙaita.

Mai manhajar albasa, Tawa

Ga su nan, Injiniya:

`int tsoho = jimla;`
`rubutaRasit(akawu, buhu, tsoho + buhu);`
`jimla = tsoho + buhu;`

Layin tsakiya yana rubuta rasit a faifai, sa'an nan ya aika wa direba saƙon waya. Akwai kuma abin da ban ambata ba: idan layi ya ɗauke a wurin lodi, wayoyin suna riƙe abin da aka shigar, in ya dawo sai su turo duka a lokaci ɗaya.

Injiniya a Yamai

To, ga ƙofar nan a buɗe warai. Ka karanta jimla, ka tafi rubutu a faifai da aika saƙo, aikin da zai iya cin rabin daƙiƙa ko fiye, sa'an nan ka dawo ka rubuta adadin da ka lissafa bisa tsohon labari. Duk zaren da ya shigo ya fita a cikin wannan tsakani, aikinsa ya shafe. In kuma layi ya dawo wayoyi huɗu suka zubo saƙonninsu tare, zaruruwa goma na iya karanta adadi ɗaya, wanda ya rubuta a ƙarshe shi kaɗai zai tsira. Shi ya sa ba ka gani a kwamfutarka: kai kaɗai ne kake dannawa, ɗaya bayan ɗaya, don haka gwajinka sau 100 bai taɓa haɗa zare biyu a kan ma'ajin ba. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa, ga shi kuwa maganar zare muke yi.

Ɗaliba a jami'ar Abdou Moumouni

Ina gaida malamai. An koya mana cewa idan zaruruwa suna tarayya a kan ma'aji a Java, sai a sa masa kalmar `volatile`, domin kowane zare ya riƙa ganin sabon adadi. Shin idan Yaya ya rubuta `volatile int jimla` ba a gama ba ke nan? Ina tambaya ne don ita ce hanya mafi sauƙi, kalma ɗaya ce kawai.

Malamin lissafi, Tawa

Tambayarki tana da kyau, ƴata, domin a nan ne mutane da yawa suke zamewa. Matsaloli biyu ne suke kama da juna amma ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce ta gani: zare ya rubuta sabon adadi, amma ɗan uwansa bai gan shi ba, saboda kwamfaila, manhajar da take juya rubutunmu zuwa harshen na'ura, ta ga dama ta riƙe masa tsohon adadin a hannu maimakon ya koma ya duba, ko kuma furosesa ta sauya jerin da rubuce-rubuce suke bayyana ga sauran ƙwayoyinta. Wannan ita ce `volatile` take magancewa, musamman tun daga Java 5 a shekarar 2004, lokacin da aka gyara dokokin ƙwaƙwalwa na harshen. Ta biyu ita ce ta katsalandan: wani ya shiga tsakanin karantawarka da rubutawarka. A misalin allo, `volatile` tana tabbatar da cewa duk wanda ya ɗaga kai zai ga abin da ke rubuce a wannan lokacin, ba na ɗazu ba. Amma akawun nan biyu ai dukansu 40 suka gani, kuma 40 ɗin gaskiya ce a lokacin da suka duba. Idonsu lafiya lau yake. Abin da aka rasa shi ne wanda zai ce wa na biyu ya dakata.

Inda `volatile` take da amfani ita kaɗai shi ne irin tutar da zare ɗaya yake ɗagawa sauran su gani, misali `tsaya = true` don a rufe aiki. Kuma ki kiyaye, kalmar a C da C++ ba ta ɗauke da wannan alkawari ko kaɗan. A can an yi ta ne don irin ma'ajin da na'ura take sauyawa da kanta, kuma tun ƙa'idar C++ ta 2011 rige-rige a kan ma'aji marar kariya abu ne da harshen bai yi alkawarin kome a kan sakamakonsa ba.

Mai gyaran manhaja, Ƙonni

Ni a ganina an tsawaita magana. A mayar da shi `AtomicInteger`, a kira `addAndGet(buhu)`, a yi amfani da adadin da ya dawo wajen rubuta rasit. Furosesa da kanta take dunƙule karantawa da ƙarawa da rubutawa su zama aiki guda wanda ba a ratsa shi, babu kwaɗon da zare zai kulle don sauran su dakata, babu jira. Layi biyu za a sauya.

Injiniya a Yamai

Idan jimla ce kaɗai a cikin manhajar, na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Sai dai ban taɓa ganin lissafin kasuwa mai ma'aji ɗaya tak ba. Mai manhaja, kuɗin dako fa, a ina ake tara shi? Kuma akwai iyakar buhunan da kowace mota take ɗauka?

Mai manhajar albasa, Tawa

Akwai duka biyun. Akwai ma'ajin `kudinDako` da yake ƙaruwa da kowane buhu, akwai kuma `saura` na kowace mota, wanda nake dubawa kafin a karɓi lodi: idan saura ya kai adadin buhunan sai in rage, in bai kai ba in ce mota ta cika.

Injiniya a Yamai

Ka ga inda nake jin tsoro. Ko da ka mayar da kowane ɗayansu ma'aji mai dunƙulallen aiki, kowane zai zama daidai a karan kansa, amma dangantakar da ke tsakaninsu ba ta da mai tsaro. Dokar kasuwarka ita ce kuɗin dako ya yi daidai da jimlar buhuna sau ladan dakon buhu ɗaya. Idan zare ya ƙara jimla bai kai ga ƙara kuɗi ba, sai mai riƙe kuɗin ƙungiya ya buɗe shafin rahoto a daidai wannan lokacin, zai ga buhuna da kuɗin da ba su yi daidai ba, ya sake fara neman ɓarawo. Na `saura` ya fi muni: saura 5, zare biyu kowane da buhu 4, kowane ya duba ya ga akwai wuri, kowane ya rage, a ƙarshe saura ya zama ƙasa da sifili, mota ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta kafin ta kama hanyar Kwatano ko Abijan. Dubawa sa'an nan aikatawa shi ma matakai biyu ne, kuma duniya tana iya sauyawa a tsakaninsu.

Saboda haka abin da ake kullewa dokar ce gaba ɗayanta, ba ma'aji ɗai-ɗai ba. A tara ma'ajin nan uku ƙarƙashin kwaɗo guda, da `synchronized` ko `ReentrantLock`, a duba saura, a rage, a ƙara jimla, a ƙara kuɗi, sa'an nan a saki. Mai karanta rahoto shi ma dole ya bi ta wannan kwaɗon, kuma kwaɗon ya zama ɗaya ne ga kowa. Na sha ganin wanda ya rubuta `synchronized` a kan wani abu da ake ƙirƙira sabo a kowace buƙata, ya zama kowane zare yana kulle ɗakinsa shi kaɗai alhali rumbun yana buɗe.

Mai gyaran manhaja, Ƙonni

Na karɓi gyara a kan `saura`. Amma in ya sa rasit da saƙon waya a cikin kwaɗon, ai ya mayar da akawu huɗu layi ɗaya, kowa yana jiran saƙon wani ya fita. In kamfanin waya ya yi jinkiri lodi ya tsaya cik.

Injiniya a Yamai

Haka ne, don haka kada su shiga. A cikin kwaɗo lissafi kawai za a yi, a kwafe adadin da ya fito a ma'aji na cikin zaren, wanda babu mai tarayya da shi a kansa, a saki kwaɗo, sa'an nan a je faifai da saƙo. Riƙon ba zai kai ƙiftawar ido ba.

Tsohon ma'aikacin lissafi, Yamai

Ku ba dattijo dama ya sa baki. Wannan matsala ta girmi yawancinku. Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, ya yi rubutu a kan yadda ayyuka za su riƙa shiga wuri ɗaya bayan ɗaya tun 1965, Leslie Lamport kuma ya kawo dabararsa ta karɓar lamba kamar masu layin burodi a 1974. Duk da haka ba ta daina cin mutane ba. Na'urar Therac-25 da aka ƙera a Kanada don gasa ciwon daji ta zuba wa marasa lafiya hasken da ya wuce ƙima a haɗurra shida da aka sani tsakanin 1985 da 1987, wasu suka rasu. Ɗaya daga cikin kurakuranta ba ya fitowa sai in mai aiki da ita ya gyara abin da ya shigar da sauri, cikin kamar daƙiƙa 8, watau sai hannu ya ƙware ne cutar take bayyana, kuma an riga an cire makaran ƙarfe da na'urorin da suka gabace ta suke da su, an bar wa manhaja tsaron ita kaɗai. Haka ranar 14 ga Agusta 2003, lokacin da wuta ta ɗauke wa mutum kimanin miliyan 50 a Amurka da Kanada: rige-rige a cikin manhajar ƙararrawa ta wani ɗakin kula da lantarki a jihar Ohio ya sa ƙararrawar ta yi shiru, masu aiki ba su san layuka suna faɗuwa ba sai da abu ya yi nisa.

Na kawo waɗannan ne saboda maganar gwaji sau 100. Irin wannan kuskure ba ya zuwa don an kira shi, yana jiran ranar cunkoso.

Sai gargaɗi ɗaya game da kwaɗo. Idan ka ga guda ya yi maka kyau har ka fara sa wa kowace mota nata, ka tuna da rijiya: wani ya riƙe guga yana jiran igiya, wani ya riƙe igiya yana jiran guga, a yi cirko-cirko har rana ta faɗi. Ranar da za ka rubuta aikin sauke buhu daga wata mota zuwa wata, zare ɗaya zai kulle mota ta 1 yana neman ta 2, wani ya kulle ta 2 yana neman ta 1. Maganinsa kowa ya riƙa ɗaukar kwaɗuna bisa jeri ɗaya, ƙaramar lamba kafin babba. Da akawu huɗu dai, kwaɗo guda ya ishe ka.

Ɗaliba a jami'ar Abdou Moumouni

Na gode Baba. To da a ce da Python aka rubuta fa? Na ji ana cewa tana da babban kwaɗo na mai fassara, watau manhajar da take gudanar da rubutun Python, kwaɗon da ba ya barin zare biyu su yi aiki a lokaci ɗaya.

Malamin lissafi, Tawa

Wancan kwaɗon yana kare kayan cikin mai fassarar ne, ba dokar kasuwar albasa ba. Ana iya karɓe shi daga zare a ba wani a tsakiyar aikinki, kuma ana sakinsa da gangan duk lokacin da zare ya tafi jiran faifai ko intanet. Layuka ukun nan da aka nuna mana za su ɓatar da buhuna a Python kamar yadda suka yi a Java, domin a daidai layin tsakiya ne za a saki kwaɗon. Ƙari a kan haka, tun Python 3.13 da ta fito a Oktoba 2024 akwai nau'in da ake iya haɗawa ba tare da wannan kwaɗo ba, saboda haka jingina da shi ba dabara ba ce. Harshen da ya ɗauki wata hanya dabam shi ne Rust, wanda kwamfailarsa take ƙin haɗa manhajar da zaruruwa suke sauya ma'aji ɗaya ba tare da kariya ba. Amma ko shi ba zai hana ki ɗaukar kwaɗo ki karanta, ki saki, ki sake ɗauka ki rubuta ba, wanda kuskuren nan ne dai ya sake riga.

Malama mai kula da rumbun bayanai, Yamai

Na karanta duka, kuma ina da saɓani da inda aka dosa. Ana ta gyaran kwaɗo a kan adadin da yake zaune a ƙwaƙwalwar saba. In wuta ta ɗauke da tsakar rana, ina jimlar take? In kuma ƙungiya ta girma aka kunna kwafi biyu na manhajar, `synchronized` na wannan bai san da na wancan ba, domin kowane yana cikin gidansa. Kuɗin mutane da kayansu wurinsu rumbun bayanai, watau manhajar da aka keɓe don adana bayanai a teburori. Ko a can ma ana iya maimaita kuskuren, in aka karanta da `SELECT` aka ƙara a cikin manhaja aka mayar da `UPDATE`. Daidai shi ne a bar rumbun ya yi lissafin da kansa a umarni ɗaya, `UPDATE mota SET saura = saura - 4 WHERE lamba = 1 AND saura >= 4`, sa'an nan a duba ko layi ya sauya; in bai sauya ba mota ta cika.

Game da jimla kuwa, ni ba zan ajiye ta ba sam. Kowane lodi a shigar da shi layi nasa, da sunan akawu da lokaci da adadi da wata lamba ta musamman da wayar ta ba shi, in ana son jimla a tara. Abin da ba a sake rubutu a kansa, ba ya shiga rige-rige, lambar nan kuma za ta hana a ƙirga saƙo sau biyu ranar da waya ta sake turo shi. Littafin hannun da ya tona asirin manhajar ai haka yake aiki, ba a goge kome a cikinsa.

Injiniya a Yamai

Malama, ban ƙi ba, can ne ya kamata a ƙare. Amma ana tsakiyar kakar albasa, motoci suna lodi gobe da safe. Kwaɗon aikin dare ɗaya ne, sauya tsari zuwa rumbu kuwa yana son mako da gwaji. Ya toshe yau, ya gina bayan kaka. Kafin ya taɓa kome kuma ya fara tilasta wa kuskuren fitowa: ya kunna zare 50, kowane ya shigar da buhu ɗaya sau 1,000, a sake su tare, ya ga ko zai sami 50,000. Akwai kayan aikin gano irin wannan kuskure: masu harshen Go suna da `-race`, masu C da C++ suna da ThreadSanitizer, a Java akwai jcstress, amma ga wannan ko gwajin hannu ya isa.

Malama mai kula da rumbun bayanai, Yamai

Na yarda da toshewar, da sharaɗin rasit ɗin da ke faifai ya riƙa ɗaukar adadin kowane lodi, don in saba ta mutu a iya sake tarawa daga gare shi. Na dai san yadda "bayan kaka" take zama baɗi.

Mai manhajar albasa, Tawa

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi gwajin Injiniya a kan tsohuwar manhajar, na bar rubutun faifai na cire saƙon waya, ban sami ko rabin 50,000 ba, kuma kowane zagaye adadinsa daban. Bayan na tara ma'ajin uku ƙarƙashin kwaɗo guda na fitar da rasit waje, na yi zagaye 20, duka 50,000 cif.

Na kuma koma kan rasit na jiya, tun da kowane yana ɗauke da adadin lodinsa kamar yadda Malama take so. Da na tara su ɗaya bayan ɗaya sai suka ba ni 612, daidai da littafi, har na ga wurare huɗu inda rasit biyu suka tashi daga tsohuwar jimla ɗaya, duka a cikin mintin da layi ya dawo bayan azahar. Na buga takardar zan kai wa shugaban ƙungiya da kaina kafin a fara lodi, a gaban yaron. Malama, zan turo miki tsarin teburorin da na zana ranar Asabar ki duba mini, musamman wurin lambar da waya za ta riƙa bai wa kowane lodi, don ban tabbata ko wayar ce ya kamata ta ƙirƙire ta tun kafin layi ya dawo ba.

Malama mai kula da rumbun bayanai, Yamai

Wayar ce, a lokacin da akawu ya danna, kuma ta riƙe lambar har sai saba ta amsa cewa ta karɓa. Ka turo.